Ƙasar da Mairama Ta Kai Maliya

Saura kwana tara su tafi, bayan isha'i kaɗan, Nuru ya ji wata ƙara daga tsakar gida: ƙiii, tak. Ƙiii, tak. Ya ajiye kofin shayinsa ya kasa kunne. Shekara arba'in da ɗaya yana tura alhazai a arabiyya, wato keken guragu, a wurin ɗawafi da tsakanin Safa da Marwa, har ta kai in ya ji kukan taya yakan faɗi nauyin wanda ke kai. Wannan kukan arabiyyarsa ne, tayar hagu mai ɗan karkata. Amma babu nauyin mutum a cikinsa. Kamar keken ne ke yawo shi kaɗai.

Ya yi a'uziyya, ya leƙa ta taga.

Yayarsa Mairama ce. Ta kama mariƙin arabiyyar da hannu biyu tana zagaya ɗan filin da bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba, tsakanin tankin ruwa da igiyar shanya. A kan kujerar, inda ya kamata ita ta zauna, wani tsohon gwangwanin madara ne, an ɗaure bakinsa da tsumma.

"Yaya, me ake yi haka?"

"Koyon tafiya nake. Koma ka sha shayinka."

"A shekara saba'in da biyar?"

"Kai da na koya maka, wata goma sha takwas ka yi kana jan gindi. Ni kwana tara gare ni."

Ƙafafun Mairama irin wutar lantarkin tsohuwar unguwarsu ce ta Nakkasa, a nan Makka. Sai a yi kwana uku tana nan lafiya lau, rana ɗaya ba sallama ta ɗauke. In suka ɗauke, daga gwiwa zuwa ƙasa sai su zama kamar na aro, ranar kuwa sai arabiyya. Tun da aka rushe Nakkasa suka dawo unguwar Hindawiyya, ranakun ɗaukewar suka fara yawa. Likita ya ja Nuru gefe ya ce masa baɗi war haka da wuya ta iya tsayuwa.

Abin da ke cikin gwangwanin ƙasa ce. Ranar da motocin rusau suka zo, mutane na kwasar katifu da tukwane, ita ta durƙusa a tsakar gidansu ta cika shi.

Nuru ba a ƙasar kowa aka haife shi ba, shi ya sa abokan sana'arsa ke ce masa Ɗan Maliya. Iyayensu sun taso daga Damagaram a ƙafa, shekara huɗu suna hanya, suna tsayawa suna tsintar auduga a Sudan, har suka hau jirgin alhazai a Sawakin. Mairama na da shekara tara. Da asuba innarsu ta haife shi a tsakanin buhuna, kafin hantsi ta cika. Aka naɗe ta a zanenta, aka yi mata salla, aka ɗaura mata wani ƙarfe a ƙafa aka sauke ta. Mairama na tsaye da jariri a hannu tana jiran lokacin da za a ba kowa ya zuba ƙasa sau uku, kamar yadda ta ga an yi wa kakarta a hanya. Ba a ba kowa ba. Ruwa ya rufe, jirgi ya ci gaba.

"Shekara huɗu Inna na tafiya don ta taka ƙasar Makka," in ji ta. "Saura kwana ɗaya da yini. Tunda ba ta iso ba, sai a kai mata."

Wannan magana mutum biyu kawai suka san ta, Nuru da maƙwabciyarsu Safara'u, wadda suka baro Nakkasa tare. Ko Khalida, 'yar Nuru, ba a gaya mata ba, don za ta yi dariya ko ta kawo fatawa daga waya. Ita ce ke aiki a wani ofishin tafiye-tafiye a unguwar Shisha, ita ta samo musu gurbi biyu a jirgin shaƙatawa da ke tashi daga Jidda ya yi kwana uku a Maliya. A zatonta tsofaffi za ta hutar.

Matsalar ta taso ne ranar da Khalida ta ce za ta rubuta a takarda cewa Gwaggo na bukatar arabiyya.

"Kika rubuta, na fasa," in ji Mairama.

"Ya Gwaggo, wallahi ma fi mushkila, babu wata matsala. Har ɗaki na musamman suke bayarwa."

"Na san irin ɗakin."

A Sawakin akwai karantina, wurin killace marasa lafiya. Wasu masu fararen kaya ne ke tsayawa a bakin katakon hawa jirgi, kowa sai ya taka da ƙafarsa a gabansu. Akwai wani dattijo da suka yi shekara biyu suna tafiya tare, kurkunu ya cinye masa ƙafa, 'ya'yansa suka ɗauko shi a tabarma. Mai farin kaya ya zana masa alli a kafaɗa, aka ajiye shi gefe. Jirgi ya tashi yana zaune a bakin ruwa da hularsa a hannu, yana raguwa har ya koma kamar ƙwayar gero. Khalida ta nuna mata hotuna a waya, ga mutane a keken guragu a saman jirgi suna shan lemo.

"Waɗannan Turawa ne," in ji Mairama. "Allinsu daban."

Saura kwana uku, ta saki mariƙin ta gwada tafiya hannu sake. Nuru na leƙe yana ƙirgawa. Taku goma sha ɗaya ta yi ta faɗi. Ya same ta kusa da tankin ruwa, leɓenta ya fashe, tana ƙoƙarin tashi tana zagin ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya kamar yara marasa ji. Ya ɗaga ta. Ya tsaya yana kallon arabiyyar. In ta bar ta a gida, ba za ta kai bakin jirgi ba. In ta zauna a ciki, ba za ta yarda ta fita ƙofar gida ba. Amma in tana riƙe da mariƙi, zagaye bakwai take yi ba ta zauna ba.

Mai tura arabiyya ba ya zama a cikin tasa. Ba a littafi yake ba, amma duk masu sana'ar sun sani. Wani abokin sana'arsa, Munzali, ya taɓa zama a tasa yana jiran la'asar, shekara ba ta zagayo ba aka fara tura shi a cikinta. Nuru ko a ranar da ƙafarsa ta kumbura a ƙasa yake zama, ya jingina da tayar.

Ya ɗauke gwangwanin, ya yi bisimilla, ya zauna, ya ɗora shi a cinya.

"Tura ni, Yaya."

"Ka haukace ne?"

"In za su zana alli, ni za su zana wa. Ke ki wuce da gwangwaninki."

Ta daɗe tana kallon ƙeyarsa. Sannan ta kama mariƙin.

"Kai dai tun kana goye ka fi ƙarfin bayana," in ji ta.

Khalida ce ta kai su Jidda a motarta. Da ta ga mahaifinta ya shige arabiyya ya rufe ƙafafunsa da bargo, ta buɗe baki, ya girgiza mata kai, ta rufe. A cikin tashar, ga masu fararen kaya ko'ina. Mairama ta ƙara damƙe mariƙin keken. Wani jami'i ya buɗe gwangwanin, ya sunsuna, ya murza da yatsa.

"Mene ne wannan, ya hajj?"

"Ƙasa ce. Ta taimama. Ka ga ba kullum nake iya kai wa ga ruwa ba."

Jami'in ya ɗaure tsumman da kansa, ya miƙa masa da hannu biyu. Aka ɗage wata igiya aka wuce da su gaban kowa.

"Ware ka suke yi," in ji Mairama a kunnensa. "Haka ake farawa."

Babu wanda ya fito da alli. Sai dai hanyar shiga jirgin wata doguwar gada ce mai rufi, kuma hawa take yi. Wani ya zo zai karɓi turin, ta ce masa a'a, ƙanenta ne. A tsakiyar gadar kukan tayar ya canza. Nuru ya gane keken mutum biyu yake ɗauke da su, ɗaya a zaune, ɗaya a rataye. Numfashinta na sauka a wuyansa kamar na wadda ta hau dutsen Nur. Ya zura hannuwansa ta ƙarƙashin bargo ya kama tayoyin yana murzawa a ɓoye, ƙarfen na cin tafinsa, har suka ji ƙasan ta daidaita.

Jirgin gari ne guda. Bene goma sha ɗaya, da lif mai gilashi, da wani mutum da aikinsa kawai ya yanka kankana ta zama fure. Can sama akwai tafkin wanka, Nuru ya daɗe yana mamakinsa: ruwa na ɗauke da jirgi, jirgi kuma na ɗauke da ruwa. A kan gadonsu an naɗe tawul ya zama giwa, har da idanu. Mairama ta warware shi ta ce ba za ta kwana ɗaki ɗaya da gunki ba. Ɗakin ba shi da taga, sai wani allon talabijin mai nuna taswira, da ɗan ƙaramin jirgi yana rarrafe a kan shuɗi.

Washegari da safe ya murza tayoyin arabiyyar ya fita lungu, ya sami mai gyara musu ɗaki, wani Basudane magidanci mai suna Marwan, shi ma da farar riga. Ya tambaye shi da Larabci yaushe za su bi ta hanyar Sawakin.

Marwan ya fara murmushi, ya ga fuskar tsohon, ya daina. Ya fito da wayarsa ya nuna masa taswira.

"Ga Jidda. Ga mu nan, arewa muka yi. Sawakin tana can ƙasa, a bayanmu. Kowace sa'a nisa muke ƙarawa, ya hajj."

"A dawowa fa?"

"Ta nan muka zo, ta nan za mu koma."

Nuru ya zauna a lungun yana kallon tafin hannunsa da ya sale. Babu wanda ya yi tunanin tambaya. A wurinsa da Mairama, Maliya hanya ɗaya ce, Sawakin a wancan kai, Jidda a wannan, kamar Safa da Marwa, in ka bar ɗaya dole ka nufi ɗaya. Ya juya maganar ta kowace fuska. In ya faɗi gaskiya, gwangwanin zai koma Hindawiyya a cike, kuma babu wata shekarar. Jirgin da ke zuwa Sawakin, in ma yana tashi, ba irin wanda za ta iya hawa ba ne. Ya ji ƙafafunsa sun yi sanyi a ƙarƙashin bargo, ya tuna Munzali, ya motsa yatsunsa ya tabbatar suna nan.

"Me ya ce?" in ji Mairama.

"Gobe da hantsi."

Ta ƙirga da yatsu. "Ashe duk girmansa bai fi namu sauri ba."

Yini guda tana tura shi a cikin jirgin, mutane na riƙe musu ƙofa. Bai iya cin komai ba.

Da gari ya waye, ta sauko da ƙafafunta daga gado, suka ƙi karɓarta. Ta mintsine su. Ta buge su da tafin hannu. Ta kama gefen gado ta miƙe da ƙarfin hannu, ta zube a ƙasa tsakanin gado da ƙofa.

"Ba yau ba," take ce musu. "Don Allah ba yau ba. Gobe ku ɗauke har abada, ban damu ba."

"Kawo in je in zuba miki, Yaya."

"Kai Inna ba ta san ka ba. Ko shayar da kai ba ta yi ba. Ina za ta gane hannunka?"

Maganar ta shige shi, amma babu lokacin jin zafinta. Ya jawo arabiyyar.

"Shiga."

"Su gan ni? Su sauke ni a tsibirin nan da suka ce za a tsaya?"

"Kowa na wurin karin kumallo. Kafin su gani mun gama. Na taɓa kai wata Hajiya Safa da Marwa sau bakwai tsakanin kiran salla da tayar da ita."

"Ƙarya kake."

"Ƙarya nake. Shiga dai."

Ya ɗaga ta. Ba ta fi ɗaurin harami biyu nauyi ba. Ya rufe ta da bargon har wuya, ta rungume gwangwanin a ciki. Niyyarsa su bi a hankali ta gefen bango. Suka sauka a lif zuwa bene na huɗu, inda Marwan ya taɓa ce masa an fi kusa da ruwa. Ƙofa ta buɗe a kan wani dogon lungu miƙaƙƙe, kuma a samansa, a jere, ga korayen fitilu. A tsakanin Safa da Marwa, inda korayen fitilu suke nan ne ake sassarfa. Shekara arba'in da ɗaya. Ƙafafunsa ba su nemi shawararsa ba, bakinsa ma haka.

"Ɗarik, ya hajj, ɗarik! A ba da hanya!"

Daidai ƙofar ɗakin cin abinci ke nan. Mutanen da jiya suka riƙe masa ƙofa suka tsaya da faranti a hannu suna kallon gurgu na gudu, yana tura wadda ta tura shi. Wata mata ta ce masha Allah, ya warke.

"Allah ya shirye ka, Ɗan Maliya," in ji Mairama daga cikin bargo. "Ka kira mana su."

Suka fita ta wata ƙofa mai nauyi zuwa bayan jirgi. Iska ta mare su. Babu kowa. Ruwan na can ƙasa da nisa, jirgin na barin farar hanya a bayansa har iyakar gani. A jikin ƙarfen da aka kange wurin da shi an manna hoton hannu yana jefa abu, an ja masa jan layi. Nuru ya tsaya ya rufe hoton da jikinsa, ya taka birki.

"Nan ne?"

"Nan ne."

Ta kalli ruwan. Ta ɗaga kai ta kalli rana, wadda ke gefe, can a kan kafaɗarta. Ta daɗe tana kallonta, har idonta ya kawo ruwa. Sannan ta kwance tsumman.

Ta damƙo ta farko, ta miƙa hannu ta tsakanin ƙarafa, ta yi bisimilla ta saki. Iska ta kwaso ƙasar gaba ɗaya ta watsa musu, a bargo, a gemun Nuru, a kan katakon da aka goge. Ta damƙo ta biyu, ta sunkuya iya sunkuyawarta ta saki. Ita ma ta dawo. Mairama ta kalli cinyarta, ta fara tattara ƙasar da yatsu tana mayarwa cikin gwangwani.

"Ta ƙi karɓa," in ji ta.

"Iska ce, Yaya."

"Ta ƙi karɓa, Nuru."

Ƙofar mai nauyi ta buɗe. Farar riga. Mairama ta ƙanƙame gwangwanin, ta ja kafaɗarta ta ɓoye cikin bargo. Marwan ne. Ya dubi Nuru a tsaye kan ƙafafunsa, ya dubi tsohuwar, ya dubi ƙasar da ta bazu.

"An hana jefa komai a ruwa, ya hajj. Akwai kyamara. Aikina ne zai tafi."

Nuru ya kama hannunsa da hannu biyu. Bai taɓa roƙon mutum haka ba, ko ranar da aka rushe gidansa. Ya gaya masa da Larabci, da sauri, murya ƙasa-ƙasa: jirgin alhazai, haihuwa, ƙarfe a ƙafa, yarinya 'yar shekara tara tana jiran a ba ta ƙasa. Ya ce sau ɗaya ya rage. Da idonsa kuma ya roƙe shi wani abu na biyu, kada ya ambaci arewa.

Marwan ya ɗaga kai ya dubi inda kyamarar take, ya matsa taku biyu ya tsaya a ƙarƙashinta, ya juya musu baya, ya ciro tsumma daga aljihu ya fara goge wani gilashi da ba shi da datti.

Nuru ya durƙusa. A aljihun bayan arabiyyar akwai 'yar gorar zamzam da yakan ajiye wa alhazai. Ya tsiyaya a cikin gwangwanin, ya cuɗa da yatsunsa da suka sale, ya cura abin da ya rage ya zama dunƙule ɗaya kamar ƙwallon fura. Ya sa mata a tafin hannu. Ya zura hannuwansa ƙarƙashin hammatarta ya ɗaga ta tsaye, ƙafafunta na lilo, ƙirjinta a kan ƙarfen.

Leɓenta na motsi. Ya ji ta ce Inna, sauran kuwa iska ta tafi da shi. Ta buɗe hannu.

Ba su ji ƙarar faɗuwarsa ba. Nuru na riƙe da ita, fuskarsa a bayanta, bai ga komai ba sai zanen mayafinta.

"Ya shiga?"

"Ya shiga."

Ya mayar da ita kan kujera. Ta zauna tana kallon tafinta, da laka ta cika layukansa. Ba ta goge ba.

"Ranar nan," in ji ta, "rana a gaban jirgi take. Ina tuna ta haske mini ido ina riƙe da kai."

Nuru ya sunkuya yana gyara birkin da ba abin da ya same shi.

"Mai da ni ɗaki," in ji ta. "A hankali. Ba Safa da Marwa muke ba."

Ba wanda ya sauke su a tsibiri. Ba wanda ya zana wa kowa alli. Sauran kwanan ta yi shi a kwance tana fuskantar bango. Da ya shigo daga alwala ya tarar an kashe allon taswirar, bai tambayi wanda ya kashe ba. Ƙafafun ba su dawo ba har suka sauka, ita a zaune, shi yana turawa.

Khalida ta ajiye su a bakin lungunsu a Hindawiyya bayan la'asar, ta shige da jakunkuna. Safara'u na zaune a dakalin ƙofarta tana tsince wake. Tun kafin su ɓullo ta ji kukan tayar, ta ture tiren ta miƙe.

"Maraba da mutanen ruwa. Sannunku da hanya. Iye, Mairama, har kin yi haske." Ta hango gwangwanin a cinyarta, babu tsumma a bakinsa. Ta rage murya. "To, kun iske wurin?"

Mairama ta ja mayafinta gaba. Nuru ya danna mariƙin ƙasa, ya ɗaga ƙananan tayoyin ya haye dokin ƙofa. Ƙiii, tak.

Safara'u ta biyo su har zaure.

"Malam Nuru, da kai nake. Kun iske wurin kuwa?"